Man Kajiji da Wuyan Ɗan Fari

Har yau in na ji ƙamshin kajiji raina ɓaci yake yi. Jikokina sun sani, ba mai kunna shi a ɗakina. Su a zatonsu wata iska ce gare ni da ba ta son sa. Babu wata iska. Uwata nake tunawa, Allah ya jiƙanta, da taurin kanta.

Inna mai tausa ce. A ƙauyenmu da ke gefen Tibiri, da garuruwan kewaye har zuwa Gecheme, in mace ta haihu bayanta ya ƙi sakewa, ko manomi ya tashi daga gona ya kasa miƙewa, ko barci ya ƙaurace wa tsoho, wurinta ake zuwa. Ba ta bori, ba ta duba. Mai ne da hannu kawai. Man kaɗanya take saye a kasuwar Dogon Dutsi wurin fatake masu hawowa daga kudu, ta haɗa da man aduwa da take tatsa da kanta. Sai ta daka saiwar kajiji, ta zuba ganyen ɗaɗɗoya da nobe da ɗan ƙaron dashi, ta ɗora kasko bisa garwashi. Ba ta yarda harshen wuta ya taɓa kaskon, wai wuta mai ci tana korar ƙamshi. In man ya narke ya sha kayan, ta tace da tsumma ta ɗura a tandu. Ranar da take wannan aiki maƙwabta ba sa tambayar abin da ake yi a gidanmu, hancinsu ya riga ya gaya musu.

Ta manyanta a lokacin, saboda haka har maza take yi wa, a rumfar tsakar gida, kowa na gani. Na ga ƙattai sun shigo suna nishi suna dafa bango. Ta gasa musu jiki da ruwan zafi da ganyen sabara, ta lakaci mai ta murza a tafinta har ya ɗumama, ta sa mutum ya shaƙa tukuna kafin ta taɓa shi. Tana yi tana tsokanarsu, tana tambayar lafiyar jakinsu da surukansu. Kafin ta kai ƙugu mutum ya yi barci, miyau na dalala bisa tabarmarmu. Ni ce mai wanke tabarmar, shi ya sa ban manta ba.

Mutum ɗaya ne tak a duniya wannan hannu bai taɓa ba tun da aka yaye shi, shi ne yayana, ɗanta na fari. Kunyar ɗan fari a wurinmu ba wasa ba ce, amma ta Inna ta wuce ta kowa. Tun yana ƙarami aka kai shi ɗakin kakarmu, can ya tashi. Ba ta kiran sunansa. In zai shigo ta ƙofa, ita ta ga wani aiki a bayan ɗaki. In tana son a kai masa tuwo sai ta ce, "Ku kai wa wancan." Mun tashi mun tarar da abin haka, ba mu ga aibinsa ba, har shekarar aikin hanya.

A wannan shekara kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasarmu, ya ce a yi wa mota hanya, kowane gida ya ba da namiji ɗaya. Babanmu ya rasu, mu sauran duk mata ne, sai aka tafi da yayana. Marmara suke haƙa su ɗauka a kwando bisa kai, tun safe har rana ta yi sanyi. Ana cikin zafin bazara aka sako shi, ba don tausayi ba, don wuyansa ya sage ya daina amfani. Aka ce ya je ya ji sauƙi, za a aiko a ɗauke shi.

Ni ina da aure a nan cikin gari, da goyo a bayana. Da na ji ya dawo na rugo gida. Wallahi da ƙyar na gane shi. Kansa ya karkace ya kwanta wajen kafaɗar hagu. In zai dube ka sai ya juyo da jikinsa duka. Gashin tsakar kansa ya cinye saboda kwando, idanunsa sun yi ja. Ba ya iya kwanciya, sai dai ya jingina da rumbu, da barci ya fara ɗaukarsa kai ya motsa sai ya zabura. Matarsa kuwa ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Gecheme, babu mai kula da shi.

Ban damu sosai ba da farko. Na ce a raina, ai gidan magani ya faɗo. Na leƙa madafa na sami Inna tana tankaɗe, ta ba ƙofa baya.

"Inna, ki ɗauko tandu. Kin ga wuyan yaya kuwa?"

"Ku ba baƙonku ruwa," in ji ta.

"An ba shi. Tandu na ce."

Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa. "Ke ɗiyar nan, ina kika kai kunyarki? A gidan miji kika baro ta?"

Na ce mata kunya ba ta gyara wuya. Ta ce in fita in ba ta wuri. Na fita ina huci, na koma gida na sauke haushina kan mijina da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Washegari da hantsi ƙamshi ya iso har gidanmu. Na taho na tarar tana haɗa sabon mai. Ban taɓa ganin ta yi irinsa ba. Kajijin da ta zaɓa ɗaya bayan ɗaya, ɗaɗɗoya ɗanya shar da ta tsinko da sassafe, har da kanumfarin da take ɓoye a ƙasan tukunya ba ta sa wa kowa. Ta tsuguna gaban kaskon tana fifita garwashi a hankali, gumi na zuba. Na ce alhamdu lillahi, tsohuwa ta sauko. Har na je na shimfiɗa tabarma a rumfa.

Sai ta kira ni ɗaki ta saki asabari.

"Sauke yaron. Kwanta."

"Ni? Mi ya same ni?"

"Kwanta na ce. Ki ji da jikinki yadda ake yi, ki tahi ki yi mishi."

Na tsaya baki buɗe. Ɗanta na can jingine da rumbu, in ta yi tari yana ji, amma wai tausar sai ta bi ta bayana ta isa gare shi. Na ce Inna wannan wane irin abu ne? Ta ce in ba zan yi ba in tashi, ta ba akuya man ta lashe. Na san za ta iya. Na kwanta.

Abin haushi, daɗi gare shi. Ta fara daga gindin kunne, ta bi jijiyar wuya da babban yatsa har kan kafaɗa, tana faɗa mini ƙasa-ƙasa. Nan a hankali. Nan ki tsaya ki bar ɗumin hannunki ya shiga. Nan kar ki taɓa sai ya saki numfashi. Na shigo da niyyar faɗa, ban san sa'ad da ido ya rufe ba. Da duka ta tashe ni a cinya, ta miƙo mini ƙoƙon mai ta nuna ƙofa da haɓa.

Na je na yi wa yayana. To, ni hannuna na daka ne da surfe da igiyar guga. Tafina ya yi kanta, duk kaushi. Abin da na ji a bayana daban, abin da yatsuna suka iya daban. Ina dannawa ina jin jikinsa na ƙara ɗaurewa, yana cije leɓe. Da na gama na ce, "Yaya, ya ka ji?" Ya ce, "Madalla, ƙanwata. Allah shi yi albarka."

Ina komawa ɗaki ta tare ni da tambaya. Ina ne ya fi yi masa zafi? Ya sauka har allon kafaɗa ko ya tsaya a wuya? Yatsunsa na yin sanyi? Na ce ban sani ba. Ta ce in koma in tambayo. Na koma, na dawo, ta sake aike na. Tsakanin ɗakinta da rumbun nan na yi safa da marwa har ƙafata ta gaji, su biyu kuwa ko kallon juna ba su yi ba.

Haka muka yi ta yi kullum. Da hantsi Inna ta tausa ni, in tashi in je in murƙushe yayana. Ni da ba abin da ke damuna sai ga ni ina barci kamar jaririya, fatata na sheƙi, ciwon ƙugun da na samu wurin haihuwa ya ɓace. Mijina ya fara tsokanata wai amarya aka sake kawo masa. Matan rijiya suna tambayata me nake ci. Shi kuwa mai ciwon yana nan a karkace, yana ramewa don rashin barci. Duk sa'ad da na farka bisa tabarmar Inna jikina sakayau, sai in ji kamar tuwon marar lafiya na sace na ci.

Na gwada dabaru iri-iri. Na ce mata mu lulluɓe masa fuska da zane, ta yi aikinta ta tashi, ba wanda zai sani. Ta ce, "Ni zan sani." Na ce to ta ɗora hannunta bisa nawa ta riƙa bi da shi, ai ba ita ta taɓa shi ba. Ta ce in daina yi mata wayon yara. Wata rana wata Bafulatana mai kawo mana nono, ƙawarta ce tun da daɗewa, ta same mu muna wannan gardama. Na ce yauwa, ga wadda za ta gaya mata gaskiya. Na kwashe labari na ba ta. Matar nan ta riƙe haɓa ta ce ita nata ɗan farin ko inuwa ɗaya ba sa zama, kuma ai uwar da ta haɗa mai ta gama nata. Suka haɗu suna ta gyaɗa wa juna kai. Ranar ban sayi nonon ba.

Da na ga ta nan ba hanya sai na koma wajen yayana. Na ce masa ya buɗe baki ya roƙe ta da kansa, ko ta bayan zana ne, ba za ta iya ƙi ba.

Ya juyo da jikinsa duka ya dube ni. "Ke, kar ki soma. So kike in sa ta a bakin mutane? A ce ta tsufa ta zubar da kunyarta saboda wuyana?"

"Wane mutane? Mutanen su zo su ɗaukar maka kwandon mana!"

"Naki ma yana yi," in ji shi. "Ina jin sauƙi."

Ƙarya yake yi, kuma ya san na sani. Nan na gane taurin kan nan gado ne, daga nono ya sha shi kafin a raba su.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru ne wata ranar da rana ta take. Aka kawo wani saurayi bisa jaki daga wani ƙauye, shi ma daga aikin hanyar nan, shi ma wuyansa a sage kamar na yayana. Inna ta fito da fara'a, ta sa aka kwantar da shi a rumfa. Ta gasa shi da sabara. Ta murza mai a tafi ta kai masa hanci. Tana bin wuyansa tana ce masa, "Sannu ɗana, sun wahal da kai, saki jikinka." Tsakanin rumfar da rumbun da yayana ke jingine zana ɗaya ce. Yana jin kowace kalma. Ni ina tsaye inda nake ganin su duka biyu, na ga yayana ya rufe ido yana jan ƙamshin da iska ke kai masa. Saurayin ya yi barci har da minshari. Da la'asar ya farka ya juya kai dama, ya juya hagu, ya fashe da dariya. 'Yan uwansa suka yi ta godiya suka tafi da shi yana tafiya da ƙafarsa, jakin na biye.

Ban jira sun yi nisa ba. Na shiga rumfar na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗaga wa uwata ba. Na ce ɗan wani kin kira shi ɗana, naki yana bayan zana yana shaƙar saura kamar maroƙi. Na ce in kunya ce wannan Allah ya raba ni da ita. Na ce gobe in sun zo sun tafi da shi a haka, kwandon farko zai karya shi, sai ki zauna ki ci kunyarki ki ƙoshi. Maƙwabta suka leƙo ta saman darni. Ban damu ba.

Inna ba ta mare ni ba, da ta mare ni da na fi jin daɗi. Ta ci gaba da goge yatsunta da tsumma ɗaya bayan ɗaya. Can ta ce, "Kin gama? Wanke kaskon."

Na zaga bayan zana ina kuka don haushi. Yayana ya ce, "Bar ta, ƙanwata. Ƙamshin ma ya isa." Da ba don ciwonsa ba da na kai masa duka.

Ba a daɗe ba maigari ya aiko cewa gardi, ɗan sandan kumandan, na tafe, duk wanda aka sako ya shirya komawa. Yayana ya ce shi ba zai sake ɗora kwandon nan ba. Zai bi sawun waɗanda suka tsallaka ƙasar Ingilishi, wajen Kabi, in abin ya lafa ya dawo. Ni ya gaya wa, ni na kai wa Inna. Ta ɗauko wani tsohon zanenta ta yage shi, ta naɗa gammo, ta juye sauran man nan duka a ciki tana matsawa har ya sha.

Da sassafe ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, daga waje. Asabari a sake. Na tsaya riƙe da gammon ina addu'a a zuci, na ce ko yanzu, ko hannu ɗaya ta zuro ta dafa kansa. Ya ce, "Zan tahi." Daga ciki ta ce, "A sauka lahiya. Allah shi tsare." Ya ɗan jira. Ni ma na jira. Asabarin bai motsa ba. Ya miƙe, na ba shi gammon na ce daga gare ta ne. Ya sansana shi, bai ɗora a ka ba, ya warware shi ya naɗa a wuya. Na raka shi har bayan gonaki, ina kallonsa yana tafiya a karkace har ya shige cikin sabara.

Bai dawo ba. Fatake sukan kawo mana gaisuwarsa, yau a ce yana Kabi, gobe a ce ya yi kudu. Matarsa ta haifi namiji, yayana ya aiko wa jaririn da riga. Bayan wasu shekaru aka kawo labarin zazzaɓi ya kashe shi a can. Inna ta karɓi gaisuwa ido a bushe, kamar yadda ake son uwar ɗan fari ta yi, mata suna ta yaba mata. Ni na daɗe ba na zama in yi hira da ita. Ta ci gaba da tausar mutane, amma ba ta ƙara sa kanumfari a mai ba.

Nasara suka tafi, hanyar da aka yi da wuyan yayana motoci suka yi ta bi. Inna ta tsufa tukuf, bayanta ya ranƙwafe, yatsunta suka ƙage. Duk tausar da ta yi wa duniya ba ta yarda kowa ya taɓa ta. Na dawo da ita gidana. Wata rana da yamma ina sheƙa gero ta kira ni, ta ce in haɗa mai. Na haɗa yadda na gani tana yi. Ta kwanta rub da ciki bisa tabarma, ta ce, "Yi mini yadda kika yi mishi. Kar ki gyara komi."

Na gane wanda take nufi. Na lakaci mai na fara daga gindin kunne, da ƙarfin da na saba, na bi jijiyar har kafaɗa. Na ji ta ɗauke numfashi. Na ci gaba. Da na kai allon kafaɗa ta ce in tsaya.

"Haka kika yi mishi?"

"Haka, Inna."

"Kullum?"

"Kullum."

"Nan ba a dannawa, ja ake yi. Na gaya miki." Ta juyo da kai ta dube ni. "Ai wanga ƙara ciwo ne. Shi bai ce komi ba?"

"Madalla yake cewa."

Duk shekarun nan ashe tana zaton abin da ta zuba a bayana ya isa gare shi. Sai ta kifa fuska a tabarma ta kira sunansa, sunan yanka, wanda ban taɓa ji a bakinta ba tun da aka haife ni. Ta sake kira da ƙarfi, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci tuwo.

Ban lallashe ta ba. Na ce, "Yanzu kike kiransa, Inna? Yana bayan zana ba ki kira ba." Kafaɗunta na girgiza a ƙarƙashin hannuna. Na zauna riƙe da ƙoƙon man ina jin haushinta, ina jin tausayinta, na rasa wanda ya fi. Can ta ce in ƙarasa. Na ce zai yi mata zafi. Ta ce ta sani, in ƙarasa har ƙugu kamar yadda na riƙa yi masa. Na ƙarasa.